Neman Baba a Barcin Bayan Asuba

Shekarata arba'in da shida lokacin da na fara koyon barci. Ba wai ban iya ba ne a da, don kowa ya san ni da shi, an ma sha zungurina a wurin taro. Abin da na shiga koyo shi ne yadda mutum zai kasance cikin mafarki kuma ya san mafarki yake yi, ya riƙe hankalinsa, ya je inda yake so, ya yi magana da wanda ya ga dama. Ni mutum ɗaya nake son gani, tambaya ɗaya ce kuma a bakina. Mahaifina nake nema, wanda a lokacin ya yi wata bakwai da rasuwa, in tambaye shi ko ya yafe mini.

Baba mahauci ne. Ubansa mahauci ne, kakansa ma haka. Teburinsa na bakin titi a wajen Ƙofar Kware a Sakkwato, ƙarƙashin wata rumfar kwano da ta girme ni. Da wannan tebur ya kai ni makaranta har na gama jami'a, na sami aikin gwamnati, na yi aure, na koma Arkilla cikin ma'aikata. Mutanenmu na son nama kamar me, amma ka je neman auren 'yarsu ka ce kai ɗan Rundawa ne, wato mahauta, ka ga yadda fuska za ta canza. Na ga wannan canjin fuska tun ina saurayi, sau biyu, kuma ban manta ba. Saboda haka a ofis idan aka tambayi sana'ar mahaifina sai in ce yana harkar shanu. Ba ƙarya na yi ba, amma na san abin da nake so su ɗauka.

Duk da haka ban taɓa wuce teburinsa ban tsaya ba. Haka aka tashe mu. Ko da shadda nake, ko a mota nake, sai in sauka, in cire takalmi a gefen kwata, in durƙusa in gaishe shi, sauran mahauta na kallo. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma ya ji daɗin wannan abu, kuma kowa a layin ya san yana jin daɗinsa.

Sai wata ranar Litinin. Motar daraktanmu ta lalace, ya ce in kai shi gaisuwar mutuwa cikin gari, shi da wani baƙo da ya zo daga Abuja. Na so in bi ta Ƙofar Atiku, darakta ya ce ai ta Ƙofar Kware ta fi kusa. Muna isowa layin mahauta wani keke mai ƙafa uku ya mutu a tsakiyar titi, hanya ta cushe, motata ta tsaya cak daidai gaban rumfar Baba. Yana tsaye da rigarsa ta aiki, duk jini, wuƙa a hannu ɗaya, ɗayan hannun yana korar ƙuda. Tsakanina da shi bai kai taku biyar ba. Na ga maƙwabcinsa na tebur ya ɗaga hannu yana nuno motar. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina murɗa rediyo da ba abin da ya same ta. Darakta ya leƙa ta gilashi ya ce, "Dubi yadda mutanen ga ka sai da nama, ƙuda ko'ina, kuma mu saye mu ci."

Na ce, "Wallahi kuwa, ranka shi daɗe."

Minti biyu muka yi a wurin, ko ma ba mu kai ba. Aka ture keken, na ja mota.

Ranar Juma'a na je gida kamar yadda na saba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya sa aka ƙunsa mini hanta a takarda in kai wa yara. Bai ta da maganar ranar Litinin ba. Ni ma na ce a raina wataƙila bai gan ni ba, kada in tono abin da Allah Ya rufe. Bayan mako biyar an tura ni wani taron bita a Kaduna, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku. Ƙannena duk suna nan, kowa ya durƙusa ya ce Baba a yafe mana, ya ce ya yafe. Ni na iso bayan bakinsa ya rufe. Na riƙe hannunsa na yi ta magana, ban san ko yana ji ba, kafin la'asar ya cika.

Ƙannena suka ce in kwantar da hankalina, ai ya ce ya yafe wa 'ya'yansa duka. To, amma wace yafiya? Idan bai gan ni ba, ya yafe abin da bai sani ba. Idan kuma ya gan ni, ni ban roƙa ba. Na kasa gaya wa kowa. Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne kowa a gidan na mafarkinsa ban da ni. Ƙanwata ta gan shi cikin fararen kaya yana murmushi. Innarmu, wato mahaifiyata, kusan duk mako sai ya zo mata. Har wani maƙwabci da bai taɓa sayen naman naira ɗari a hannunsa ba ya zo yana ba mu labarin ya gan shi a wani lambu. Ni kuwa wata bakwai ina mafarkin fayil da jarrabawar da ban yi karatunta ba. Sai na ɗauka ƙin zuwan nasa shi ne amsar.

Wani abokin aikina, wanda teburinsa ke kusa da nawa, shi ya kawo maganar. Mutum ne da ba ya rabo da waya, duk mako da sabon abin da ya gano, yau ruwan ɗumi da lemun tsami, gobe tafiya ba takalmi. Ya nuna mini bidiyon wani Bature mai gemu yana bayanin yadda ake farkawa cikin mafarki ba tare da an tashi daga barci ba. Shi abokin nawa tashi sama yake so ya yi kamar shirwa, mutumin da hawa bene ɗaya ke sa shi haki. Na yi masa dariya. Da na koma gida kuma na nemi bidiyon na kalla sau uku.

Abu uku Baturen ya ce a fara da su. Na farko, a ajiye littafi kusa da matashi, da an farka a rubuta duk abin da aka gani. Na sayi littafi mai bango ja na fara. Kwana huɗu matata na kallona, a na biyar ta tsaya a kaina da tsintsiya.

"Mi kaka rubutawa da sassahe haka kullum?"

"Mahwalki."

"Mahwalki? Tun yaushe aka rubuta mahwalki? In mai kyau na, ka gode Allah. In mugu na, ka yi tohi hagunka sau ukku ka juya. Kai kuma ka samu littahi kana tara su kamar rasit."

Na ce mata bincike nake yi. Ta ce Allah Ya ba da sa'a, da irin muryar da take ce wa yara Allah Ya shirya.

Na biyu, a riƙa gwada kai da rana, sau da yawa, ana tambayar kai ko mafarki ake yi, har abin ya zama jiki, yadda wata rana mutum zai yi gwajin cikin barci. Ana ƙirga yatsu, don a mafarki ba sa cika biyar daidai. Ko a toshe hanci a ja numfashi, in iska ta shiga to barci ake yi. Na kama ƙirgar yatsu a ko'ina: a layin banki, a bakin famfo, a gaban darakta yana faɗa. Ba a yi mako biyu ba labari ya zaga ofis cewa tun rasuwar mahaifina na kama wuridi. Mata masu shara suka fara gaishe ni da ladabi na musamman, wata ma ta ce in sa ɗanta a addu'a. Ban musa ba, don gaskiyar ta fi wuyar faɗa. Toshe hanci kuwa sau ɗaya na gwada a cikin keke, lokacin na ajiye mota saboda tsadar mai. Mai keken ya hango ni ta madubi, ya taka birki ya ce in warinsa ya dame ni in sauka in hau jirgi. Daga ranar na tsaya a kan yatsu.

Na uku shi ne ya ba ni dariya. Wai a saita agogo ya tashe ka kafin gari ya waye, ka yi kamar rabin awa ido biyu, sannan ka koma ka kwanta kana nanata niyyarka, don a wannan barcin na biyu mafarki ya fi kauri. Baturen ya yi ta bayani kamar ya gano wani sirri. Mu ai ladan ya daɗe yana yi mana wannan aikin kyauta. Sai dai a gidanmu barcin bayan asuba abin kunya ne. Baba kan ce lokacin ake rabon arziki, wanda aka iske kwance an wuce shi. Shi kafin ladan ya yi kiran farko ya kama hanyar mayanka. Ko ranar da ba makaranta, in ya biyo gida daga mayanka ya same ni kwance, ruwan buta ne zai tashe ni. Ga ni yanzu da furfura a gemu, ina dawowa daga masallaci ina lallaɓawa gado, ina neman mutumin a cikin barcin da ya fi tsana a duniya.

Watannin zafi ne. Wanda ya san Sakkwato a wannan lokacin ya san ba a barci, suma ake yi a farfaɗo. Wuta takan zo ta tafi yadda ta ga dama, da fanka ta tsaya sai in farka jiƙe sharkaf, mafarkin ya tsere ko wutsiyarsa ban kama ba. Idan kuma barcin ya ɗauke ni da gaske sai in makara. Sau uku aka ja jan layi a rajistar ofis kafin in iso. Ina tafe ina hamma, idanuna sun faɗa, abinci ba ya mini daɗi. Na gaji irin gajiyar da ko zama ba ya maganinta. Littafin mai bango ja ya cika da shirme: ina sayen takalmi ƙafa ɗaya, ina neman ajinmu na firamare an mai da shi gidan mai. Ko inuwar Baba babu a ciki.

Sai a mako na bakwai abin ya fara. Ina ofis a mafarki, na ga akuya zaune a kujerar darakta tana sa hannu a takarda, kuma ban ga laifin hakan ba. Na ɗaga hannu na ƙirga yatsu don sabo. Shida. Na sake ƙirgawa, bakwai. Wani abu ya buɗe a kaina, na ce, ashe mafarki nake yi! Komai ya yi tar, har ƙurar da ke kan fanka ina gani. Murna ta kama ni, zuciyata ta buga, sai ga ni a kan gado ina kallon silin. Duka abin bai fi a ce bismilla a sha ruwa ba.

Haka na koyi cewa sabon shiga ba ya daɗewa a ciki. Da ka gane, an fara ƙirga maka lokaci. Na koma wa Baturen, ya ce a murza tafin hannu, a kalli ƙasa, kada a yi zumuɗi. Ya ce in kana neman wani, kada ka kira shi, ka sa a ranka cewa yana bayan ƙofa ko bayan kwana, ka je ka same shi. Na yi wata guda ina fama. Wani lokaci in gane, in kama hanyar Ƙofar Kware, titi ya miƙe ya ƙi ƙarewa. Wani lokaci in sha kwana in faɗa kasuwar wani garin da ban sani ba.

Wata safiyar Laraba na sha kwana, sai ga rumfar. Ga teburin, ga ƙugiya da cinya a rataye, ga Baba yana wasa wuƙa. Har tabon ƙunar da ke bayan hannunsa yana nan. Wata goma rabona da fuskar nan. Na san mafarki ne, na san abin da ya kawo ni, na yi ta maimaita tambayar tun daga masallaci. Amma ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba. Na cire takalmi, na durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau. An tashi lahiya?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ina ɗiyan?"

"Suna lahiya."

"Uwassu hwa?"

"Lahiya lau take."

"Madalla. Yaya zahin ga?"

"Zahi lokacinai na, Baba."

"Haka na. Yaya aiki?"

Kafin in ce aiki da godiya, rumfar ta dushe, na ji kukan zakaran maƙwabta. Na farka da hawaye har cikin kunne. Ranar ban damu ba, na ce ai na sami hanya, gobe sai in tambaya.

Ba gobe ba ce, sai bayan kwana tara. Kuma abin da ya faru shi ya sake faruwa. Wanda bai san Baba ba ba zai gane ba. Gaisuwarsa ba a gaggauta ta. Zai tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi surukaina, ya tambayi maƙwabcina da ya taɓa gani sau ɗaya, in ya kai ƙarshe ya ce to madalla, ya ɗan yi shiru, ya sake ɗaukowa daga ina gajiya. Kuma ɗa ba ya katse uba a gaisuwa, ba ya kawo buƙata sai an ce masa, "To, lahiya dai?" Sau huɗu ina samunsa cikin wata biyu, sau huɗu ina farkawa a durƙushe ba mu kai wurin ba. Sau ɗaya mun kai har kan surukai.

Na gaya wa abokin aikina, ban faɗa masa abin da nake son tambaya ba, na ce dai wata magana ce. Ya yi dariya har da buga tebur.

"Kai dai baƙauye na wallahi. Mahwalkinka na hwa! Wa zai kama ka? Tsallake gaisuwab banza ka tahi kai tsaye ga magana."

Na ji kamar in kwaɗa masa fayil a ka. Kwana biyu ban yi masa magana ba. Shi bai san abin da ya taɓa ba: in je neman gafarar ƙin gaisuwa, kuma in fara da ƙin gaisuwa. Amma na gaji. Matata ta fara maganar a kai ni wurin mai ruƙiyya, darakta ya ba ni takardar gargaɗi. Na ga in ban bi shawarar wawan nan ba, haka zan ƙare rayuwata ina amsa ina gajiya.

Ranar da na bi shawarar, na sha kwana a mafarki na same shi yana yanka tsoka. Na tsaya a tsaye, da takalmina. Na ce, "Baba, ranar da nib biyo da mota ban tsaya ba. Ka yahe mani?"

Ya ɗago ya ce, "Na yahe maka duniya da lahira."

Kalmomin da na yi wata da watanni ina son ji ke nan, ba ragi ba ƙari. Na tsaya ina jiran sanyin da zai sauko mini a zuciya, bai sauko ba. Amsar ta zo da wuri ƙwarai. Baba bai taɓa amsa tambaya bai ajiye abin da ke hannunsa ya yi shiru tukuna ba. Na ce a raina, da ma ya ajiye wuƙar. Sai ya ajiye. Na ce da ma ya yi murmushi. Sai ya yi. Mutumin da tsawon rayuwata ban taɓa sa shi ya canza ko wurin ajiye butarsa ba, yau ga shi yana bin abin da ke raina tun kafin in furta. Sai wani mugun tunani ya zo mini: to, idan da cewa zai yi bai yafe ba fa? Ban gama tunanin ba fuskarsa ta murtuke, ya dube ni ya ce, "Ban yahe ba."

Na farka. Fanka na juyawa, yara na shirin makaranta, ana rigima a kan safa. Na daɗe a kwance. Duka amsoshin biyu nawa ne, ni na sa masa su a baki. Wata biyar na yi ina wahala don in je in yi hira da kaina a cikin rigar Baba. Waɗanda yake zo wa, zuwa yake yi don kansa, ba su san ma mafarki suke yi ba sai sun farka. Ni kuwa na je na jawo shi. Ban rubuta wannan a littafin ba, ban kuma sake rubuta komai a ciki ba.

Na daina komawa barci bayan asuba, amma gajiyar ba ta sake ni ba. Ranar wata Juma'a bayan an sauko na je gida Ƙofar Kware. Ni ne ɗan fari, saboda haka tsakanina da Inna akwai kunya. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido, hirarmu ba ta wuce gaisuwa da saƙo. In tana da magana da ni, ƙanwata take gaya wa a gabana. Ranar ba kowa a gidan, duk sun tafi suna. Na same ta a inuwar ɗaki tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na zauna a bakin tabarma.

Ta ce wa faifan, "Wasu sun rame. Ko ba a ba su abinci can Arkilla?"

Na ce zafi ne. Ta ce zafi bai hana kowa ƙiba ba. Can ta ce, "Jiya ma babanku ya zaka man cikin mahwalki. Wai ina anka kai mashi buta tai. Nic ce kai da ab bisa hanya mi za ka yi da buta? Munka yi ta gardama har nit tashi." Ta yi 'yar dariya ta share ido da bakin zane.

Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Gardamar buta! Da zan ba da motata da albashin shekara a ba ni wannan gardamar. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na gaya mata komai, ina kallon ƙasa: darakta, keken da ya mutu, rediyo, har da wallahi kuwa ranka shi daɗe. Na gaya mata littafin da yatsu da barcin safe. Na ce ban san ko ya gan ni ba, kuma abin zai kashe ni.

Ba ta daina tsintar shinkafa ba. Ta fitar da tsakuwa ta jefar, ta fitar da wata. Na ɗauka ba za ta amsa ba, har na fara neman takalmina da ido.

Sai ta ce, "Ranal Littinin ta."

Ban gaya mata ranar ba.

"Maƙwabcinai na tebur shi yah hwaɗi, gaban mutane. Yac ce ga ɗanka can cikin mota da manya, ya ƙi hitowa. Babanku yac ce ba kai na ba. Mutumin yac ce haba, motag ga ko cikin duhu ya san ta. Sauran sunka sa baki, wasu na dariya. Babanku yac ce wallahi tallahi ba ɗana na ba, ɗana ba shi wuce ni. Sai kowa yay yi shiru. Mutumin da shekara arba'in ko bisa ciniki ba a taɓa jin ya rantse ba, wa zai ƙaryata shi?"

Na ce, "Shi yag gaya maki?"

"Shi? Matar maƙwabcin ta kawo man labari tun kahin magariba. Da yaz zo gida nit tambaye shi, yac ce in bar sauraren maganar mata. Yac ci tuwonai yak kwanta. Har ni na so in yarda."

Ta karkaɗe faifan, ta hure ƙaiƙayi.

"Wanshekare da hantsi sai ga shi ya baro teburinai ya dawo gida, abin da bai taɓa yi ba. Ya riƙo cinya guda, mai kyau, wadda ad da mai saye. Yac ce in dahwa abincin mutum goma a kai ma miskinai bakin masallaci. Nic ce sadakar mi, ranat Talata, ba suna ba, ba rasuwa ba? Yac ce ke dai ki dahwa. Nic ce in ƙara ko na biyu ko ukku, tunda naman da yawa? Yac ce goma anka ce."

Ba sai ta fassara mini ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san ciyar da miskinai goma kaffarar rantsuwa ce.

Na buɗe baki in tambaye ta ko ya ce ya yafe, na kasa. Ita ma ba ta jira tambayar ba. A karo na farko tun da na yi wayo ta ɗago kai ta dube ni sosai, ta daɗe tana kallona, sannan ta mai da idonta kan shinkafa.

Ta ce, "Ni niz zuba da hannuna. Kwano goma. Shina tsaye bisa kaina yana ƙidaya."